An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Matsalar Wuta da Caji a Tsohon Babur

  

Yau za mu ɗan sauka daga manyan maganganun da muka saba, mu leƙa ƙarƙashin sit ɗin babur. Kar wani ya ce me ya haɗa shirin matasa da wayarin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ku duba unguwanninku, mutum nawa ne suka jingine mota suka kakkaɓe tsohon mashin? Matashi nawa ne abincinsa yake kan ƙafa biyun nan, mai kai saƙo, mai achaɓa a ƙauye, malamin makaranta, ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin mako? Idan mashin ya kwana bai tashi ba, wani gidan ranar ba a ɗora tukunya. To kun ga maganar ta shafe mu.

Bari in fara da abin da ya same ni, don ni ma sai da na sha wuya na koya.

Ina da wani tsohon mashin mai lamba 125, ƙirar China, na mahaifinmu ne ya bar mini da ƙafarsa ta fara ba shi matsala. Ya haura shekara goma sha biyar. Injinsa lafiya lau, amma bara da damina ya fara wani hali. Hon ya koma kamar kukan ɗan akuyar da ya kwana da yunwa. In na kunna sigina sai ta tsaya cak, ba ta ƙiftawa. Sitata kuwa sai dai ka ji "ƙas, ƙas", sai na koma kik. Na je wurin bakanike, ko durƙusawa bai yi ba ya ce, "Oga batir ne." Na sayi sabo. Sati uku ya mutu. Na koma, aka ce ai jabu aka ba ni. Na ƙara kuɗi na sayi wanda aka ce mai kyau ne. Shi ma bai rufe wata ba. A tsakanin nan kuma ƙwan fitilar gaba ya ƙone sau biyu, ban ma kawo a raina cewa abin yana da alaƙa ba.

Ranar da hankalina ya tashi, ina dawowa ne daga wani taro ta hanyar Gwarzo bayan isha'i, ƙanena yana bayana. Na ɗan murɗa totur zan wuce wata mota, sai fitila ta yi wani fari fat, ta ɗauke. Duhu ya rufe. Ga babbar mota tana tahowa ta haske mini ido, ga rami ban san inda yake ba. Allah ne kawai ya kiyaye muka gangara gefen titi lafiya. Da fitilar wayar hannu ƙanena ya riƙa haska mana har gida, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba.

Washegari wani abokina ya kai ni wurin wani dattijo mai wayarin. Na fara zuba masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, tsaya. Da aka ce maka batir ne, wa ya auna?" Na ce babu. Ya ce, "Kai da ka yi jami'a, aka ce maka abu ya mutu, ba ka ce a nuna maka ba?" Kunya ta kama ni. Ya ɗauko wata ƙaramar mita mai wayoyi biyu, ja da baƙa, cikin minti goma ya gano abin da ya cinye mini kuɗin batir biyu. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya nuna mini ranar, da wanda na bi na koya daga baya, shi zan ba ku yau.

Da farko mu gane yadda wutar take tafiya. Batir randa ce. Randa ba ta haifar da ruwa, zuba mata ake yi. Rijiyar tana cikin inji, a gefen hagu, inda akwai wani faifan ƙarfe mai maganaɗisu da ke juyawa a kan naɗaɗɗun wayoyin tagulla, abin da muke kira koyil. Inji na juyawa, koyil na haifar da wuta. Amma wutar da yake bayarwa mai kai-komo ce, ita ce AC, kuma ƙarfinta yana hawa yana sauka da gudun inji. Batir kuwa ba ya karɓar sai mai tafiya hanya ɗaya, wato DC. Shi ya sa aka sa wani ɗan akwatin ƙarfe mai tsaga-tsaga a tsakaninsu, rektifaya. Aikinta biyu: ta mai da AC ta koma DC, sannan ta tare wutar kada ta wuce kima. Sai kuma wayoyi da soket da fiyus da ke haɗa su duka. Idan ka tarar da randa a bushe kullum, ko dai ba a zuba mata, ko tana yoyo, ko wani yana ɗiba da dare. Ba ka fara da fasa randar ka sayo sabuwa. Abin da na yi ke nan har sau biyu.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Za ka ji an ce, "Ai mashin yana tashi da kik, ashe wutarsa lafiya." A'a. Yawancin tsofaffin ƙananan mashinan nan, wutar fulogi tana da nata koyil daban da ke ciyar da CDI kai tsaye, babu ruwanta da batir. Fitilar gaba ma a da yawansu daga koyil take sha, shi ya sa take ƙara haske in ka murɗa totur, ta dushe in ka saki. Batir yana riƙe da hon, sigina, sitata, da fitilar birki ne. Don haka mashin zai iya yin gudu lafiya alhali caji ya mutu tun tuni. Wasu sababbin kuma CDI ɗinsu daga batir yake sha, su in batir ya yi ƙasa sosai sai su fara shaƙewa ko su ƙi tashi gaba ɗaya. Ka san wane iri ne naka.

To yanzu awo. Mitar nan ana samunta wurin masu sayar da kayan lantarki, a nan Kano ko a Sabon Gari ka shiga za ka samu, kuma kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba. Ka murɗa ta zuwa DC, kan lamba 20.

Awo na farko, mashin a kashe, ya huta aƙalla awa biyu ko uku, in da hali ya kwana. Jar waya a kan batir mai alamar +, baƙa a kan mai alamar −. Batir mai cikakken caji zai nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. In ka ga 12.2, kusan rabi ya tafi. In ya gaza 12, ya sauka sosai. Amma wannan bai ce ya lalace ba, ya ce dai babu ruwa a randa.

Awo na biyu, ka bar mitar a jiki ka danna sitata, idonka a kan lamba. Za ta faɗo, dole ne. In batirin an cika shi da caji amma ya faɗo ƙasa da 9.5 ko makamancin haka, to nan kam batir ya gaji, ba ya iya ɗaukar kaya. In kuma lambar ba ta motsa ba sam, sitata kuma ba ta juya ba, wutar ce ba ta isa wurin ba: ka duba kan batir, fiyus, makunni, da rilen sitata.

Awo na uku shi ne uban tafiyar. Ka tada inji, ka murɗa totur zuwa matsakaici, kamar yadda kake tafiya a cikin gari. Lambar ta kamata ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. In ta hau nan, caji yana shiga. In ta tsaya inda take, ko ta kasa kai 13, ba a zuba wa randa. In kuma ta wuce 15 tana ci gaba da hawa, kashe mashin, rektifaya ta daina tarewa, dafa batirin ake yi. Alamar wannan ko ba mita za ka gane: batir yana zafi, yana kumbura, ruwansa yana ƙafewa da wuri, wani lokaci ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila kuma suna ta ƙonewa. Masu tsofaffin mashina na can baya masu bolt 6, ku raba lissafin biyu: 6.3 a kashe, wajen 7 in inji yana aiki.

Nawa ranar ya nuna 12.1 a kashe. Aka tada, aka murɗa, ya nuna 12.2. Baba ya dube ni ya ce, "Ka gani? Batirinka yunwa ce ke kashe shi."

In awo na uku ya nuna babu caji, kar ka ruga sayen rektifaya. Ka bi hanyar daga rijiya. Akwai wayoyin da suka fito daga murfin inji na hagu, ka bi su har soket ɗinsu ka cire. A mashinan da suka bi tsarin Honda, wanda yawancin 'yan China masu kama da CG125 suka kwaikwaya, koriyar waya ita ce at, wato mai komar da wuta ta jikin ƙarfen mashin, ja ta batir ce, rawaya ta fitila, fara ko ruwan hoda ta caji. Bajaj da Suzuki da Yamaha kalolinsu daban ne, kuma tsohon mashin ya sha hannu, wani ya jona duk wayar da ya samu, don haka kar ka rantse da kala. Ka mai da mita kan AC, lamba 200, ka tada inji da kik, ka auna wayar caji. In koyil yana da rai za ka ga wuta, kuma tana hawa sosai in ka murɗa totur, har ta kai gomomin bolt. In babu komai, ko ɗan kaɗan ne da ba ya hawa, koyil ya ƙone ko wayarsa ta tsinke a inda ta fito daga inji, wurin da zafi da baƙin mai suke cin roba.

Ga wani wuri da ake cutar mutane ba da gangan ba. Mai gyara zai auna tsakanin wayar koyil da jikin inji, mita ta yi ƙara, ya ce koyil ya taɓa bodi, a canza. A manyan mashina masu rawayan wayoyi uku, haka ne, bai kamata ko ɗaya ta taɓa jiki ba, kuma ukun su ba da awo iri ɗaya. Amma a ƙananan tsofaffin nan da yawa, ƙarshen koyil ɗin dama a jikin inji aka ɗaure shi tun daga kamfani. Ƙarar mita a nan ba laifi ba ce.

Nawa koyil lafiyarsa ƙalau. Sai Baba ya ɗaga sit, ya zaro soket ɗin rektifaya. Kai jama'a! Cikinsa ya yi kore shar kamar gansakuka, ɗaya bakin har robar ta narke. Ruwan damina da na masu wankin mashin ya shiga ya kwanta shekara da shekaru. Notin da ya ɗaure wayar at a jikin firam kuma tsatsa ta cinye ƙarƙashinsa. Wato wutar caji ba ta samun hanyar wucewa zuwa batir, rektifayar kuma ta rasa at ɗin da za ta zubar da rarar wuta, shi ya sa duk abin da koyil ya haifar yake tafiya kan ƙwan fitila ya ƙone shi. Ciwo ɗaya, alamu biyu. Ya yanke bakin da ya narke ya sa sabo, ya goge sauran da samfefa, ya kankare firam har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure, ya shafa ɗan giris. Aka tada: 14.1. Ko rektifayar ba a canza ba.

Na ɗauka an gama, sai ya ce saura ɓarawo. Wannan shi ne awo na huɗu. Ka kashe mashin ka zare makulli. Ka cire wayar batir ta −. Ka mai da mita kan awon amfiya na DC, ka sa ta a tsakani, waya ɗaya a kan batir, ɗaya a wayar da ka cire. Mashin da aka kashe bai kamata ya ja komai ba, in ya yi yawa miliamfiya ɗaya ko biyu. Gargaɗi: mita tana wannan hali kar ka kuskura ka danna sitata, za ka ƙone ta nan take. Nawa ya nuna wajen 30. Muka bi, sai ga cajar wayar hannu da ni da kaina na sa aka jona mini kai tsaye a kan batir. Ku yi lissafi da ni: miliamfiya 30 sau awa 24, ya kama 0.72 na amfiya-awa a kullum. Batirin nawa mai 5 ne. Sati ɗaya a ajiye, ya ƙare tas. Haka ƙararrawar ɓarayi take yi, da rediyon da ake ɗaurawa, da fitilun ado. Duk abin da za ka ƙara, a jona shi bayan makulli, yadda in ka kashe shi ma ya mutu, kuma a sa masa fiyus.

Tun da an zo maganar ƙari, koyil ɗin ƙaramin mashin ba shi da rarar wuta mai yawa. Ƙwan fitilarsa na asali yawanci wat 35 ne, kusan amfiya 3. Wani zai cire ya sa na mota mai 55 ko 60, ya ƙara hon na babbar mota, ya ƙara lasifika. Sannan tafiyarsa daga gida zuwa bakin titi ce, minti biyar, kuma kowane tashi da sitata. Abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa, ina batir zai cika?

Yanzu abubuwan da nake roƙonku ku daina, ko ku hana a yi muku.

Cire kan batir inji yana aiki don a ga ko yana caji. Tsohuwar dabara ce, amma tana iya kashe rektifaya, ta ƙone ƙwayayen fitila, wani mashin har CDI. Kuma a mashin da fulogi ba ya sha daga batir, ba ta ma nuna komai.

Naɗa waya ko takardar kwalin sigari a madadin fiyus. Fiyus ɗin nan mai amfiya 10 ko 15 an sa shi ne ya mutu a madadin mashin ɗinka. In yana yawan ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, yawanci a wuyan mashin inda kai ke juyawa, ko ƙarƙashin tanki, ko inda sit ke dannewa. Ka nemo ta. Wayarin da ya kama wuta, a ƙarƙashin tankin fetur yake, kai kuma kana zaune a kai.

Ƙara wa batir asid in ruwansa ya yi ƙasa. Ruwa ne ke ƙafewa, musamman a zafin Maris zuwa Mayu, asid ɗin yana nan. Tataccen ruwan batir ake ƙarawa zuwa layin sama, ba na rijiya ba, ba na leda ba. Batirin da aka rufe ruf kuwa ba a buɗe shi.

Kai ƙaramin batir a ɗora shi kan cajar batirin mota a ce minti talatin ya cika. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa: mai 5 a ba shi rabin amfiya, mai 7 a ba shi 0.7, ya ɗauki sa'o'insa. Haka nan in za a tada maka da batirin mota, injin motar ya kasance a kashe.

Walda a jikin mashin ba a cire batir da soket ɗin CDI da na rektifaya ba. Minti biyu ne cirewar.

Sannan kullum in za ka cire batir, ka fara da −, in za ka mayar, ka ƙare da −. In sufana ta haɗa + da firam alhali − tana jone, tartsatsin da za ka gani ba za ka manta ba. In kan batir ya yi farin gari, ka cire shi, ka wanke da ruwan ɗumi da ɗan jiƙon kanwa, amma kar ya shiga ciki, ka busar, ka ɗaure tamau, ka shafa basilin. Ka kiyaye idonka da tufafinka daga ruwan batir.

Ban faɗi wannan duka don ku raina masu gyara ba. Akasarinsu yara ne 'yan uwanmu da suka koyi aiki da ido da kunne, ba wanda ya taɓa damƙa musu mita ya ce ga yadda ake karantawa. Kuma mu ma masu mashin muna da laifi, mun fi son a ce mana "canza kaza" mu biya mu tafi, da a ce mu zauna a bincika. In mai gyara ya ɓata rabin awa yana awo ya gano noti ne ya yi tsatsa, sai mu ce ai bai yi komai ba, mu miƙa masa kuɗin ruwa. To gobe me zai sa ya auna? Ni dai ranar na biya Baba fiye da abin da ya nema, kuma har yanzu ni ke da riba. Ƙannena masu koyon gyaran babur da ke saurare, ku sayi mitar nan ku iya ta. Layin da ke da bakanike goma, wanda yake aunawa kafin ya yi magana shi mutane za su dawo wa.

Batirin nan na biyu da aka ce ya mutu, cajin hankali aka yi masa ya farfaɗo, shi ne a jikin mashin ɗin har yau. Na farkon kuwa na riga na bayar da shi a kuɗin gwangwan, wataƙila shi ma lafiyarsa lau.

Don haka kafin ka ƙirga kuɗin batir, ka ce a auna a gabanka: a kashe nawa, da sitata nawa, inji na aiki nawa, an zare makulli yana jan nawa. Lamba huɗu. In kana da ɗan uwa ko aboki mai tsohon mashin, ka karanta masa wannan, musamman mai tafiyar dare.

A nan za mu dakata. Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa albarka a abin hawanmu da abin da muke nema da shi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.